Tarihin Muhawara da Gasar Magana a Damagaram, Daga Fadar Birni Zuwa Jami'a

Muhawara, a ma'anar da malamai suke ba ta, jayayya ce mai ƙa'ida tsakanin ɓangarori biyu a kan batu guda, inda kowane ɓangare yake kawo hujjarsa a gaban masu sauraro, sannan a sami wani na uku da aka amince ya yanke hukunci a kan wanda hujjarsa ta rinjaya. Irin wadda ɗaliban jami'o'i suke gasa da ita a yau ta samo tsarinta daga ƙungiyoyin ɗalibai na Ingila, musamman ta Kambirij da aka kafa a 1815 da ta Okasfod da ta biyo baya a 1823, kuma ta kai ga gasar jami'o'in duniya da aka fara a birnin Gilasgo a 1981. A salon da ya fi yaɗuwa, wanda aka kwaikwayo daga zaman majalisar dokokin Birtaniya, tawaga huɗu ne masu mutum bibbiyu suke karawa, biyu suna goyon bayan batu biyu suna sukarsa, bayan an ba su minti 15 na shiri, kowane mai magana kuma yana da minti 7. Ƙasashen da Faransa ta mulka, ciki har da Nijar, sun fi gadon wani salo dabam, wato gasar fasahar jawabi da gasar kare ƙara ta ɗaliban shari'a, inda ake auna tsarin magana da ƙwarewar harshe a Faransanci. Jami'ar Zinder kuwa sai a 2010 aka kafa ta, tare da na Maraɗi da Tawa, saboda haka duk mai neman asalin shaharar Damagarawa a fagen magana dole ya koma baya da nisa, ya bi diddigin abubuwa uku da suka yi ta sauyawa: wanda aka yarda ya yi magana, harshen da zai yi ta da shi, da kuma wanda zai yi alƙalanci.

Fage na farko shi ne fadar Birni, wato tsohuwar unguwar sarauta da ganuwa ta kewaye, wadda ta bambanta da Zango, mazaunin fatake da baƙin Azbin. Tun da Sarki Sulaimanu ya mayar da hedikwatar Damagaram Zinder a farkon ƙarni na 19, fada ta zama wurin da ake yanke kowace babbar magana, ta yaƙi ce ko ta haraji ko ta gaisuwar da ake aika wa Borno, wadda Damagaram take ƙarƙashinta. A zamanin Tanimun, wanda ya yi kimanin shekara 30 a kan gado har rasuwarsa a 1884, ya kuma gina ganuwa ya sa aka ƙera bindigogin igwa a garin, masarautar ta bunƙasa har fadarta ta tara Hausawa da Barebari da Buzaye da Larabawan Arewacin Afirka, kowa da harshensa da buƙatarsa. Magana a irin wannan zaure tana da matakai, domin talaka ba ya fuskantar sarki kai tsaye, sai ta bakin bafade ko wani mai sarauta, kuma mai ba da shawara yana naɗe ra'ayinsa cikin karin magana da habaici yadda zai faɗi gaskiya ba tare da ya ci fuskar uban ƙasa ba. Wannan ya koya wa masu fada iya zance matuƙa, sai dai ba za a kira shi muhawara cikakkiya ba, tun da yake alƙalin shi ne mai iko, kuma wanda ya kayar da sarki da hujja bai yi nasarar da zai yi tinƙaho da ita ba.

Muhawara mai ƙa'ida a wancan zamani tana hannun malamai ne, waɗanda suka gaji fannin da littattafan Larabci suke kira munazara, wato ladubban bincike da jayayya, inda ake fara daidaita ma'anar kalmomi, a ware abin da aka yi ittifaƙi a kansa, sannan a nemi dalili daga nassi. Mafi girman misalinta a wannan yanki ya shafi makomar Damagaram kai tsaye, shi ne musayar wasiƙu tsakanin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi na Borno da shugabannin jihadin Sakkwato, musamman Muhammadu Bello, bayan da mayaƙan jihadi suka auka wa Borno a 1808. Al-Kanemi ya kafa hujja da cewa mutanen da suke salla da azumi da zakka ba za a kafirta su saboda saɓo ba, kuma miyagun al'adun da ake zargin Borno da su ana samun irinsu a manyan ƙasashen Musulmi ba tare da an halatta jininsu ba. Bello ya mayar da martani da cewa Borno ta taimaki sarakunan Hausa a kan masu jihadi, ya kuma kawo batun yanka da ake yi wa duwatsu da itatuwa. Abin da ya cancanci yabo a nan shi ne Bello ya kwafo maganar abokin hamayyarsa cikin littafinsa Infaƙul Maisur, wanda ya kammala a 1812, ya bar mai karatu ya ga hujjar ɓangarorin biyu, kuma wannan adalci ne da masu muhawara na kowane zamani suke buƙata. A siyasance Damagaram ta tsaya a ɓangaren Borno, ba ta shiga daular Sakkwato ba, har ta kai ga sarkinta Amadu Kuran Daga yana kai yaƙi ƙasar Kano a ƙarshen ƙarnin.

A wajen fada da zauren malamai, talakawa suna da nasu fagagen: zambo tsakanin makaɗa, kirarin 'yan kokowa kafin a kama, kacici-kacicin yara, da wasan barkwanci tsakanin taubasai da tsakanin ƙabilu, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Wanda ya fi danganta da Zinder shi ne wasan kara, inda matasa suke ƙera kayan sarauta da na mulki da karan hatsi, su raba wa juna muƙamai, su kwaikwayi tafiyar manya da maganarsu a bainar jama'a. Inusa Usaini, ɗan garin, ya yi fim a kan wannan wasa a 1980. Muhimmancinsa ga tarihin muhawara shi ne ya saba wa matasa ɗaukar matsayin da ba nasu ba su yi magana da bakinsa, wanda shi ne ainihin abin da ake nema ga ɗalibin da ƙuri'a ta ba shi ɓangaren da bai yarda da shi ba.

Zuwan Faransawa ya yanke wannan zare. Bayan kisan Kyaftin Kazamaju a Zinder a 1898 da yaƙin Tirmini a 1899, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Kuran Daga, maganar mulki ta koma wani harshe da 'yan garin ba su ji, ta yadda tafinta ya zama ƙofar da kowace hujja take bi kafin ta isa kunnen kwamandan, yana iya ƙara mata gishiri ko ya rage mata ƙarfi. A 1906 Faransawa suka zargi Sarki Amadu ɗan Basa da ƙulla makircin tawaye, suka tuɓe shi suka kai shi Kwaddibuwa, suka bar gadon ba sarki na gado har zuwa naɗin Barma Mustafa a 1923. Ko da yake Zinder ta riƙe hedikwatar mulkin mallakar Nijar daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai, makarantar bokon da aka kawo ba ta da niyyar koyar da jayayya, tun da aikinta fitar da akawu da tafinta da malaman lakwal ne, kuma yaron da aka kama yana Hausa a cikinta akan rataya masa alamar kunya. A Arewacin Nijeriya, inda Turawan Ingila suka bar Hausa a makaranta da jarida, ƙungiyar tattaunawa ta Bauci da aka kafa a 1943 ta haɗa Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suna tuhumar tsarin En'e a gaban jami'an mulki. Wannan bambanci na manufar harshe shi ya sa a Nijar muhawarar 'yan boko ta tashi a Faransanci, nesa da kunnen yawancin jama'a, kuma illarsa ba ta gushe ba har yau.

Siyasar jam'iyyu ta shekarun 1950 ta ɗan mayar da jayayya kasuwa da dandali, domin ba a neman ƙuri'ar manomi da Faransanci. Zinder ta kasance cikin wuraren da Sawaba ta Jibo Bakari ta yi ƙarfi, jam'iyyar da ta yi kiran a ce a'a a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958 kan ci gaba da zama tare da Faransa, ta sha kaye, aka kuma haramta ta a 1959. Daga samun 'yancin kai a 3 ga Agusta 1960 har zuwa juyin mulkin 15 ga Afrilu 1974 jam'iyya ɗaya ce take magana. Abin da gwamnatin Jori Hamani ta bari shi ne ƙungiyoyin masu sauraron rediyo da aka kafa a 1962, inda mutanen unguwa ko ƙauye suke taruwa su saurari shiri a kan noma ko lafiya, mai jagora ya buɗe tattaunawa, a naɗi ra'ayoyinsu a aika gidan rediyo. Tattaunawa ce mai iyaka, amma ta sa talaka ya ji muryarsa a akwatin da a da manya kaɗai suke magana a cikinsa.

Zamanin da Damagaram ta yi suna a gasar ƙasa baki ɗaya shi ne na Saini Kunce, kuma abin lura ne cewa mulkin soja ne, wanda bai yarda da jam'iyya ko jaridar adawa ba, ya gina fage mafi faɗi na gasar magana da Nijar ta taɓa gani. Kunce ya farfaɗo da samariya, wato tsohuwar ƙungiyar samari ta gargajiya mai sarkin samari da aikin gayya, ya mayar da ita ginshiƙin tsarinsa na raya ƙasa, sannan aka ƙirƙiro Bikin Matasa na Ƙasa, wanda aka yi karo na farko a Zinder a 1976, daga baya ya riƙa zagaya manyan biranen jihohi. Gasar tana hawa mataki-mataki, daga unguwa da ƙauye zuwa gunduma, daga nan zuwa jiha, har a fitar da tawagar da za ta wakilci jiha a gaban kwamitin alƙalai na ƙasa, a fannonin waƙa da rawa da wasan kwaikwayo. Wasan kwaikwayon ne ya fi ɗaukar hankali, kuma a nan 'yan wasan Zinder suka yi fice, ƙarƙashin jagorancin Yazi Dogo, malamin makaranta ɗan Arewa ta Dogon Dutsi da aiki ya kawo garin, har rediyo da talabijin na ƙasa suka kai wasanninsu ko'ina ake jin Hausa. Baturiyar Amurka Janet Beik ta yi nazarin wannan wasa a littafin da ta fitar a 1987, Shaibu Ɗan Inna kuma ya rubuta littafi a kan Yazi Dogo da fasaharsa.

Dalilin saka waɗannan wasanni cikin tarihin muhawara yana cikin yadda ake shirya su. Ba a rubuta maganganun 'yan wasa kalma da kalma; ƙungiya takan zauna ta tattauna jigo, ta tsara fitowa-fitowa, ta raba matsayi, sannan kowane ɗan wasa ya ƙirƙiro zancensa a lokacin gwaji, yana gyara shi gwargwadon amsar abokin wasansa. Jigogin kuwa, irin su cin hanci da auren dole da rikicin gado da tafiya cin rani, kusan kullum sukan kai ga zaman shari'a ko taron dangi ko gurfana gaban hakimi, inda ɓangarori biyu suke baje hujja a gaban 'yan kallo. Gaskiya ne cewa hukuma ce take zaɓen abin da ya halatta a taɓa, kuma ƙarshen wasa yakan dace da manufar gwamnati, amma gwanin ɗan wasa yakan ba mai laifi hujja mai ƙarfi, ya sa ma'aikacin gwamnati ya zama abin dariya, ya isar da ƙorafin talaka ta hanyar da mai tace labari ba zai iya kama shi da laifi ba. Wannan dabara ita ce ta bafaden Birni, ta sake fitowa a sabon zaure. Kuma tun da da Hausa ake yi, 'yan kallo suna da nasu hukunci dabam da na kwamitin alƙalai, wanda suke bayyanawa da shewa ko shiru tun kafin a karanta sakamako.

A gefe guda, 'yan makaranta suna horar da kansu a wani fage mai zafi. Zinder tana da makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu da lisen Amadu Kuran Daga, masu neman digiri kuma sai sun tafi Yamai, inda aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a 1971, ta zama jami'a a 1973, aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. Ƙungiyar ɗaliban Nijar, USN, wadda aka kafa a 1960, ta mayar da babban taron ɗalibai makarantar jawabi, inda ake koyon neman izinin magana da gabatar da ƙudiri da jefa ƙuri'a, kuma kuskuren hujja a wurin yana iya jawo yajin karatu ko kurkuku. Bayan da jami'an tsaro suka kashe ɗalibai uku a gadar Kenedi ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, matsin ɗalibai da ƙungiyar ƙwadago ta USTN ya tilasta wa Shugaba Ali Shaibu amincewa da Babban Taron Ƙasa. Mata ma sai da suka yi zanga-zanga ranar 13 ga Mayu 1991 kafin a ƙara musu kujeru a kwamitin shirya shi, ranar da ta zama ta matan Nijar.

Taron ya zauna a Yamai daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, da wakilai kimanin 1,200, ana watsa zamansa ta rediyo, kuma ita ce muhawara mafi girma a tarihin ƙasar, domin a cikinta aka tuhumi ministoci da hafsoshi a bainar jama'a, aka karɓe yawancin ikon shugaban ƙasa, aka naɗa Shaifu Amadu firaministan riƙon ƙwarya. Wanda aka zaɓa ya jagorance ta shi ne Farfesa Andre Salifu, haifaffen Zinder a 1942, masanin tarihin da ya rubuta littafi a kan daular Damagaram ta ƙarni na 19 a 1971, ya kuma rubuta wasan kwaikwayo a kan Tanimun da wani a kan makircin 1906, wanda Mahaman Bakabe ya mayar fim a 1982. Mutumin da ya nazarci fadar Birni, ya kuma san sirrin dandamali, shi ya riƙe zauren da ake ihu da zarge-zarge har fiye da wata uku ba tare da ya watse ba, sannan ya shugabanci majalisar ƙoli ta riƙon ƙwarya har zaɓen 1993, wanda wani ɗan Zinder, Mahaman Usman, ya lashe. Idan ana lissafin nasarorin Damagaram a fagen magana na ƙasa, wannan ce kan gaba, ko da yake ba kofi aka bayar a kanta ba.

Sakin bakin da ya biyo baya ya haifar da gidajen rediyo masu zaman kansu, irin su Anfani, masu shirye-shiryen kiran waya da Hausa, ya kuma haifar da fada ta matasa, wato majalisar samari da suke zama a bakin titi suna dafa shayi suna tattauna siyasa da ƙwallo da rashin aiki, wadda masu bincike suke danganta farkonta da Zinder a shekarun 1990 kafin ta bazu zuwa Yamai da sauran garuruwa. A wannan fada kowa yana da bakin magana, abin da tsohuwar fada ba ta bayar ba, sai dai babu ma'aunin lokaci, babu alƙali, kuma sau da yawa mai ƙarfin murya yake rinjayar mai ƙarfin hujja. Garin da ya yi fama da ƙungiyoyin matasa masu tashin hankali, waɗanda Aisha Maki ta nuna rayuwarsu a fim ɗinta na 2021 a kan unguwar Kara-Kara, ya fi kowa sanin abin da yake faruwa idan ƙorafi bai sami zauren da za a saurare shi bisa ƙa'ida ba.

Jami'ar garin, wadda yanzu take ɗauke da sunan Andre Salifu, wanda ya rasu a 2022, ta gaji duk waɗannan: ladabin munazara, da habaicin fada, da ƙirƙirar 'yan wasan samariya, da ƙarfin halin babban taron ɗalibai. Abin da ya raba ɗalibinta da wannan gado shi ne harshe, domin yaron da yake kayar da sa'o'insa da Hausa a fadar unguwa yakan koma mai in'ina idan aka ce ya kare ra'ayinsa da Faransanci, sai gasar ta koma auna nahawun baƙon harshe maimakon auna tunani. Ba a cewa a yar da Faransanci ko Ingilishi, tun da da su ake shiga gasar jami'o'in Afirka da aka fara a Botsuwana a 2008 da gasannin kare ƙara na nahiyar, amma hujjar ware Hausa daga zauren jami'a ta faɗi. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tare da Faransanci a 1973, kuma kundin sake gina ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ya kamata hukumomin jami'ar da ƙungiyoyin ɗalibai su kafa gasar muhawara ta Hausa mai cikakkiyar ƙa'ida, da ma'aunin lokaci da horarrun alƙalai da rubutaccen sakamako na kowace shekara, su gayyaci Maraɗi da Tawa da Yamai, da jami'o'in Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, a kuma watsa ta a rediyo yadda mutanen Birni da Zango za su saurara su yi nasu hukunci.